Takalman Birki na Ƙarshe da Yaya Ya Sa

Daga Allah muke, kuma wurinsa za a koma ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya riga mu ranar Litinin da la'asar, aka kai shi makwancinsa kafin magariba. Yau kwana tara ke nan. Na gaji da zaman tabarma, na gaji da amsa “ya haƙuri”, gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa, muryata ta dishe. 'Ya'yansa suka ce in rubuta wani abu a kansa, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi da baƙin gashi. Na ce to, ba don ina da ƙarfin yi ba.

Bari in faɗi abin da ke cina tun da wuri, kada mai karatu ya ɗauke ni ƙanen kirki. Yaya ya rasu ban nemi gafararsa ba. Akwai magana tsakaninmu ta shekara biyu da 'yan watanni, kuma daga bakina ta fito. Da aka jera sahu, liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, jama'a suka amsa baki ɗaya cewa sun yafe. Ni ban ce komai ba, don tawa a juye take. Duk kwanakin nan da nake zaune a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, abu ɗaya nake son sani: shin ya yafe mini kafin ya tafi?

Washegarin rasuwar Talata ce, ranar kasuwarmu, sai ya zama kamar rabin kasuwar ya dawo layinmu. Danginmu mahauta suka zo suka yi addu'a a gurguje, don nama ba ya jiran kowa. Manoman albasa na Bakura suka zo, Fulanin Damaga suka zo, direbobin tasha kuwa sai da suka toshe layin da motoci. Su suka fi kowa magana. Wani daga cikinsu, mai furfura a gemu, ya ce:

“Wanga tsoho ya taɓa riƙe man mota kwana biyu bisa birki. Nac ce mai na yarda in mutu da abina. Yac ce kai ka yarda, waɗanda za ka ɗauka hwa, ka tambaye su?”

Aka yi 'yar dariya irin ta gidan makoki, wadda ake haɗiye rabinta. Can sai ga wani dattijo an sauke shi daga bayan babur da ƙyar, yana jan ƙafar hagu, yana dogara sanda. Ya bi kowa da gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi haƙuri, sannan ya zauna kusa da ni. Daga baya ya ce, a hankali, kamar da kansa yake:

“Ni na mance da abin ga tun tuni. Shi ɗai na bai mance ba.”

Yaran gidan ba su gane ba. Ni na gane, kuma zan zo kan maganarsa.

Mu gidan fawa ne, kaka da kakanni. Yaya ne babba, ni ne auta, tsakaninmu mata biyar, duk sun riga shi. Shekara goma sha huɗu ya ba ni, kuma bai taɓa barina na manta ba. Na yi aure, na yi jikoki, na je Makka, gari duka ya koma ce mini Alhaji, shi dai Auta yake kirana, ko a gaban surukaina.

Lokacin da aka fara ginin madatsar Bakolori garin nan ya cika da baƙi: Turawan kamfani, leburori daga ko'ina, manyan motocin tonon ƙasa da ba mu taɓa ganin irinsu ba. Mutane da yawa sun rasa gonakinsu a shekarun nan. Wannan wani labari ne, kuma ba ni da ƙarfinsa yau. Mu dai ciniki ya buɗe mana, don mai aikin ƙarfi sai ya ci nama. Yaya, yana saurayi, shi ke kai nama sansanin ma'aikata a kan keke. Hanyar kuwa ta gaban garejin kamfani ta bi. Sai nama ya fara isa a makare. Aka kawo wa Baba ƙara sau ɗaya, sau biyu. Ana nan rannan Yaya ya dawo gida da yamma, hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, ya ce an ɗauke shi aiki.

Baba ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Ɗan mahauci da sifana? Wuƙa hwa, wa za ya gaje ta?”

Kaina ta faɗo, ni da nake son boko. Na riƙe wannan a raina shekaru da yawa, ba zan ɓoye ba. Daga baya na bar teburin nama na koma saye da sayar da shanu, na samu rufin asiri, amma ko yanzu in na ga ɗan makaranta da jaka sai in tuna wanda ya ja mini.

Dattijon nan mai jan ƙafa direban kamfani ne a lokacin, yana tuƙa wata jif ta masu auna ƙasa. Yaya ya gyara birkinta, bai gama fitar da iskar da ta shiga man birkin ba, direba ya karɓi makulli ya tafi. A gangaren da ke sauka gefen kanal, wato babbar hanyar ruwan da aka haƙo daga madatsar, ya taka birki ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Motar ta kife, ƙugunsa ya karye, bai ƙara tafiya daidai ba. Babu wanda ya zargi Yaya. Aka ce mota ce ta tsufa, aka rufe maganar. Shi da kansa ya tafi asibiti, ya durƙusa gaban gadon mutumin, ya ce aikinsa ne, ya roƙe shi ya yafe masa. Ya iya neman gafara da wuri. A nan ban biyo shi ba.

Mutumin ya bar tuƙi, ya koma noman albasa a Bakura. Tun daga wannan shekara, duk farkon rani, kafin a fara ban ruwa, Yaya zai ɗaura kayan aiki a babur ya tafi ya kwance masa injin ban ruwa, ya wanke, ya mayar. Ba a aiko kiransa, ba ya karɓar komai, in an matsa ya sha fura ya hau babur ɗinsa. Haka ya yi ta yi har idonsa ya hana shi. Matarsa ma, wadda duk gidan muke kira Inna, sai da suka shekara goma da aure ta san dalilin tafiyar.

Daga wannan haɗari ne ya kafa dokar da kowa ya san shi da ita: wanda ya taɓa birki, shi zai fara taka shi. Da aikin kamfani ya ƙare ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, dokar ta biyo shi. In ya gama gyara, zai wanke hannu da yashi da garin sabulu, ya miƙo tafin hannu a ba shi makulli, ya shiga shi kaɗai, ya tafi har wannan gangaren na bakin kanal, ya gwada sau uku, ya dawo. Sai a lokacin motarka ta zama taka. Mai sauri ya yi fushi, mai muƙami ya yi fushi, bai dame shi ba. Yakan ce in mota za ta kashe wani, ta fara da wanda ya taɓa ta.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba, kada addu'a ta sa mu yi ƙarya. Ba ya yabo. In aiki ya yi kyau, shiru ne ladanka. Ba ya son rediyo a rumfarsa, ba ya son a tsaya masa a kai ana ba shi shawara, kuma in ka ce a canza maka takalmin birki na gefe ɗaya don ɗayan bai cinye ba, zai tattara kayan aikinsa ya nuna maka hanya. Shekara talatin yana kushe tuƙina. Ya ce ni ba da sitiyari nake tuƙi ba, da birki nake yi, ina gudu ina takawa kamar mai korar kaji. Goro ba ya rabuwa da kuncinsa, kuma duk da ya bar fawa, in ya zo kara, kasuwar shanu, ya shafa bayan bijimi zai faɗa maka naman da ke jikinsa, da wuya ya kuskure. Hatta abin da ke jikin takalmin birki, wanda ke cinyewa, nama yake ce masa. Zai zura yatsa ya ce, “Akwai sauran nama,” ko ya ce, “Wanga ya kai ƙashi.”

Baba bai taɓa taka rumfar ba sai da ya tsufa. Rannan muna dawowa daga masallacin Juma'a ƙafarsa ta gaji, ya zauna a benci ya huta, Yaya na kwance ƙafar wata mota. Ya zuba masa ido yadda yake cire kowane ƙarfe yana jerawa a kan buhu, na dama a dama, na hagu a hagu, ba ya fizga, ba ya duka, gaɓa yake nema ya bi. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ashe kai ma fiɗa kaka yi.” Iyakar sulhunsu ke nan, kuma ya ishe su.

Sai yanar ido ta fara rufe wa Yaya gani. An yi masa aiki a ɗaya, bai yi wani amfani ba, ya ƙi yarda a taɓa ɗayan. Aikin hannu bai ragu ba, don da ma yatsunsa sun fi idonsa gani. Tuƙin ne matsala. Ya goge katangar makwabci da motar wani, bayan sati biyu ya kusa hawa kan amalanken shanu a hanyar kanal. 'Ya'yansa suka zo gidana su uku, suka durƙusa, suka ce, “Baffa, kai ɗai ka iya yi mai magana.” Na ce zan yi. Na yi wata guda ina cewa zan yi. Da na same shi a ɗaki mu biyu, na zauna ƙasa na faɗa masa da ladabi, da yau ba wannan nake rubutawa ba.

Motata tsohuwar jif ce, da ita nake bin kasuwannin shanu, Maradun, Damaga, har cikin rugage inda hanya ta ƙare. Tun da na saye ta babu wanda ya taɓa birkinta sai shi. Wata Laraba da hantsi na kai masa ita don ƙafafun baya sun fara kuka, ina kuma da alkawari da wasu Fulani a Damaga bayan azahar. Akwai mutane a rumfar, dattawan unguwa da ke zaman hira da direbobi biyu masu jiran layi.

Ina iya ganin aikin nan har yanzu, don shi ne na ƙarshe. Ya fara da dannan tayoyin gaba da duwatsu, tunda za a saki birkin hannu. Ya sassauta notoci tun mota na ƙasa, sannan ya sa jak ya ɗaga, ya turo wani kututturen giginya da ya fi wasu 'ya'yansa shekaru ya tokare ta. Bai taɓa yarda da jak ba, ya ce jak ba ya da amana. Ya cire taya ya kwantar da ita ƙarƙashin mota. Ya laluba bayan ƙarfen da ke riƙe da takalman, ya kwance notoci biyu, ya zaro shi ya rataye da waya don kada nauyinsa ya ja tiyon mai. Ya zare tsofaffin takalman, ya shafa su, ya miƙo mini ba tare da ya juyo ba.

“Duba aikinka, Auta. Ka ci nama ka kai ga ƙashi.”

Ya bi faifan birkin da farce yana jin ko ya yi zane. Ya sa aka buɗe murfin man birki a gaba, sannan ya mayar da fistin, ƙarfen da ke tura takalman, ciki. Na irin motata ba danna shi ake yi ba, murɗa shi ake yi a hankali yana shiga, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Ya goge sandunan da ƙarfen ke zamewa a kai, ya shafa musu giris kaɗan, ya goge yatsunsa tas kafin ya taɓa sababbin takalman, don ko ɗigon maiƙo bai yarda ya hau fuskarsu ba. Ya zura su, ya mayar da komai, ya ɗaura taya, ya ɗaure notoci ɗaya nan ɗaya can a gicciye. Ya zagaya ɗaya gefen ya maimaita, ba sauri ba nawa. Duk wannan fuskarsa na kallon sama, yana tauna goro, yatsu na yi masa gani. Ni kuwa ina ta duba agogo.

Ya sauke mota, ya wanke hannu, ya miƙo tafinsa. Makullin na aljihuna.

Na ce, “Bari, Yaya, sauri nike. Ana jirana Damaga.”

Ya ce, “Ban gwada ba.”

Na ce, “Na sani. Ni gwada ta bisa hanya.”

Hannun bai sauka ba. Ya ce, “Ba ni makulli, Auta.”

Sai na ce, “Ka gwada da wane ido?”

Haka na faɗa, a gaban dattawan unguwa, a gaban direbobin da ya girme wa iyayensu. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Yaya ya sauke hannunsa ya goge a riga, ko da yake ya riga ya bushe.

Na shiga mota da borin kunya, na tayar, na sa giyar baya na taka mai da ƙarfi. Abin da na manta, ni da na shekara talatin ina kallon aikin, shi ne in an mayar da fistin ciki sai an tattaka birki mota na tsaye har ya yi tauri. Yaya ne ke yin wannan in ya zauna a kujera, shi ne farkon gwajinsa, ni kuma na hana shi zama. Na taka birki ƙafata ta tafi ƙasa. Motar ta ci gaba da baya, ta ture benci, ta haye akwatin kayan aikinsa na ƙarfe, wanda ya fito da shi tun daga kamfani, ta matse shi da ginshiƙin rumfa. Allah ya tsare, babu kowa a wurin. Sifanu suka watse cikin ƙasa.

Ba wanda ya yi ihu. Yaya ya tako a hankali yana laluben jikin motar har ya iso tagar da nake. Muryarsa ko rawa ba ta yi ba.

“Tattaka shi har ya yi tauri, Alhaji. Sannan ka tahi.”

Ranar ce ya fara kirana Alhaji. Na tattaka, birki ya yi tauri, na ja mota na tafi Damaga. Shanun ma ban saya ba.

Washegari da safe ya sa aka kwance rumfar. Ya sallami motoci biyun da ke jira, ya ce su nemi wani. 'Ya'yansa suka ce ai zai iya ci gaba da aiki, wani ya riƙa gwada masa. Ya ce a'a, shi ba ya ba da motar da bai taka ba. Daga ranar bai ƙara riƙe sifana ba. Ya koma zaman zaure, kan buzu, yana fuskantar ƙofa. Cikin shekara guda ya tsufa tsufan da bai yi ba a shekara goma.

Har yau in an tambaye ni zan ce bai kamata ya tuƙa motar nan ba. Idon ya tafi, kuma da ya kashe kansa ko ya kashe wani, da mu za a zarga. Wannan gaskiyar ce na riƙe na yi ta fakewa a bayanta. Amma na san ba don tsaron ransa na faɗi maganar ba. Sauri nake, ya tsaya mini a hanya, na ɗauki abin da ya fi masa ciwo na jefe shi da shi.

Ba mu yi gaba ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Muna haɗuwa a suna, a ɗaurin aure, a Idi. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa har ƙarshe: lahiya lau Alhaji, ya iyali Alhaji, ya kasuwa, madalla. Gaisuwa cikakkiya, babu komai a cikinta. Duk Talata ina aika musu nama, ana karɓa, ana aiko godiya. Kuma duk Talata sai na bi ta ƙofar gidansa, don ita ce hanyar kara, da safe in wuce, da yamma in dawo. Ina hango ƙafafunsa a zaure. Nakan rage gudu. Sau da yawa na ce yau zan tsaya, sai in ga akwai mutane, ko in ce na gaji, ko in ce bari in sa rigar kirki in dawo musamman.

Na yi wa kaina wata dabara ta matsorata. Ina kai motar wurin wasu a yi juyen mai, a gyara wannan da wancan, amma ban bar kowa ya taɓa birkin baya ba. Na ce ranar da takalman nan suka cinye zan kai masa, in ajiye masa makulli a hannu, magana ta buɗe da kanta ba sai na nemo ta ba. Wata biyu da suka wuce na fara jin ɗan kuka daga baya in na taka. Na ce to, lokaci ya yi, bari a gama girbin shinkafa. Aka gama. Na ce bari kasuwa ta lafa. Ranar Alhamis zazzaɓi ya kama shi, na je dubiya na tarar ɗakin cike da mata da jikoki, yana barci, na yi addu'a daga bakin ƙofa na fito. Na ce in ya ji sauƙi.

Jiya, da aka ɗauke tabarmi, na shiga cikin gida in gaida Inna. Tana takaba, tana zaune a ƙofar ɗakinta kan tabarma, ta rame. Tun ina ɗan shekara goma aka kawo ta gidanmu, ita ta yi mini wankin makarantar allo, kuma da can ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Jiya ba tsokana. Muka gaisa, muka yi wa juna haƙuri, ina neman ta inda zan fara. Ita ta riga ni.

“Auta, akwai saƙonka wurina. Na so in ba ka tun rannan, mutane sunka yi yawa.”

Na ce ina ji.

“Duk Talata shina zaune shina jin wucewarka. Tun daga kwana shika gane motarka. Ya ce ga shi nan ya taho, ya ce ga shi nan ya rage gudu, ya ce ya wuce. Talata ta ƙarshe kahin ya kwanta, da kaw wuce da marece, nak kawo mai ruwa, sai yac ce, takalmin hagu na baya ya kai ƙashi, na ciki. Yac ce kada ka sake ka sauka gangaren Maradun da ita hakanan.”

Na kasa ɗaga kai.

“Nac ce mai, to wa za ya canza? Can yac ce, ya kawo ta nan. In sa mai sababbi, shi ya gwada.”

Na ce, “Haka yac ce? Ni in gwada?”

“Hakanan yac ce. Nac ce bari Talata ta zagayo in sa a tare ka bakin hanya. Talatar ce munka wayi gari cikin makoki.”

Sannan na tambaye ta abin da ya kawo ni. Na ce, “Inna, don Allah, ya taɓa cewa ya yahe man?”

Ta dube ni da idanun da suka gaji da kuka. Ta ce, “Bai ce ba, Auta. Bai kuma ce bai yahe ba. Ba ni ƙara mai abin da bai hwaɗi ba, shina kwance inda shike.”

Na yi mata godiya na fito. Motar na ƙofar gida inda na ajiye ta tun ranar rasuwa, daidai inda rumfar take a da. Na danne tayoyin gaba da duwatsu, na sassauta notoci, na ɗaga ta, na tokare. Mutum mai shekaruna, da ciwon gwiwa, durƙushe cikin ƙasa da farar riga, masu wucewa na kallo. Na cire tayar hagu ta baya, na zura yatsa ta ciki yadda na ga yana yi. Ƙarfe na taɓa. Na zauna a ƙasa na jingina da tayar, na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓi aikin hannunsa, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Wanda ya karanta wannan, in ya taɓa hawa motar da Yaya ya gyara ya sauka lafiya, ya sa shi cikin addu'a.

Ni kalmar da nake nema ban same ta ba, kuma na san ba a nan duniya zan same ta ba. Yau da safe na sayo sababbin takalma, suna cikin kwalinsu a kan kujera, na kasa kiran kowa ya sa. Ka ce in kawo ta, Yaya. Na kawo ta, tana ƙofar gida.